Amsoshin Tambayoyinku: Ina Zan Ajiye Akwatin Taimakon Gaggawa a Motar da Ba Ta da Wuri?

TAMBAYA: Ni mazaunin Abuja ne, kuma kwanan baya Allah Ya cika mini wani tsohon buri, na sayi Porsche Boxster ƙirar 2008, 'yar Kwatano, wadda dillalin ya ce daga Jamus aka kawo ta. Kujera biyu ce da ita kacal, babu bayan da mutum zai jefa ko jakar hannu. Ranar da nake share but ɗin gaba sai na ci karo da wani ɗan akwatin roba mai alamar kuros, cike da bandeji da filasta, rubutun jikinsa duk da Jamusanci. Shin in ci gaba da ajiye shi ko in zubar? Idan zan ajiye, a ina, tunda motar ba ta da wuri? Wani abokina ya ce in ƙara masa Panadol da maganin zazzaɓin cizon sauro da kwalbar sifirit, in tura shi ƙarƙashin kujera in manta da shi. Wani kuma ya ce yawo da irin wannan kaya kiran haɗari ne. Kawu, a warware mini.

AMSA: Ɗana, Allah Ya sanya alheri, Ya tsare hanya, Ya sa a kashe lafiya. Na ji daɗin wannan tambaya, domin yawancin masu sayen irin motarka abin da suke fara tambaya shi ne gudun da take yi, kai kuwa ka fara da abin da za a yi idan gudun ya zo da matsala. Idan na fahimce ka, kana son ka san ko tsohon akwatin da ka tarar yana da sauran amfani, da abin da ya kamata a zuba a cikinsa, da kuma inda za a ajiye shi a motar da aka ƙera don gudu ba don kaya ba.

Bari mu sallami abokinka na biyu tukuna, tunda tasa maganar ba ta da tsawo. Shi ma na tabbata yana da safaya taya a motarsa, kuma bai taɓa cewa ita ke jawo masa faci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gaishe shi.

Shi wannan akwati da ka gani ba kyautar tsohon mai motar ba ce, doka ce ta sa shi. A Jamus, tun farkon shekarun 1970 wajibi ne kowace ƙaramar mota ta riƙa tafiya da kayan taimakon gaggawa, kuma ba abin da ka ga dama za ka zuba ba. Akwai ƙa'idar da ta lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya, ana kiranta DIN 13164, kuma idan ka juya akwatinka da wuya ka rasa wannan lamba a jikinsa. Ɗan sanda zai iya tsayar da direba ya ce a nuna masa, tarar rashinsa Yuro 5 ce, kuma masu gwajin lafiyar mota suna dubawa. Ba a ba mutum lasin tuƙi a can sai ya halarci kwas na taimakon gaggawa, sannan wanda ya tarar da haɗari ya wuce alhali zai iya taimakawa, doka ta tanadar masa tara ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya. Shi ya sa motocin da ake kawo mana daga can, ta Kwatano ko ta Legas, da yawa suke zuwa da wannan akwati kwance a but, wani lokacin ko buɗe shi ba a taɓa yi ba.

Idan ka zazzage shi a kan tabarma za ka ga bandeji iri-iri, da ƙyallayen rufe rauni a cikin leda da aka like, da filasta, da almakashi mai dakusasshen baki, da safar hannu ta roba, da ƙyalle mai kusurwa uku na rataye hannu, da wata siririyar leda mai ƙyalli da aka ninke, wadda idan aka warware ta takan kai santimita 210 a tsawo da 160 a faɗi. Abin da ba za ka gani ba shi ne ƙwayar magani ko guda ɗaya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, ka zubar ko ka ajiye? Wasu ka zubar, wasu ka ajiye. Ka ɗauki kowace leda da aka like ka nemi wani ɗan zane mai kama da turmi biyu da aka haɗa gindinsu, wato agogon yashi na mutanen da. Kwanan watan da ke kusa da wannan zane shi ne ranar ƙarewar wa'adin kayan. Idan kuma zanen ginin masana'anta ka gani, wannan ranar da aka yi kayan ce. Yawanci shekara 5 ake ba su. Ba wai ƙyallen ne yake ruɓewa ba. An kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa ne kafin a like ledar, kuma kamfani ba ya ɗaukar alhakin cewa likin zai ci gaba da riƙewa bayan wannan lokaci. Motarka ta 2008 ce, ta tsallako teku a cikin jirgin ruwa, ta kwana a tashar jiragen ruwa a cikin rana da danshi, don haka ina kyautata zaton wa'adin ya daɗe da wucewa. Ga ma wata alama mai sauƙi: a 2022 aka sabunta ƙa'idar aka ƙara takunkumin fuska guda biyu. Idan babu su a naka, ka san tsohon yayi ne.

Almakashin, da ƙyalle mai kusurwa uku, da ledar nan mai ƙyalli idan ba ta manne da juna ba, duk suna nan da amfaninsu. Tsofaffin bandejin kuwa kada ka jefa su a shara, ka kai su gida ka koyi ɗauri da su a hannun ƙanenka. Filasta da safar hannu su ne ba a yi musu uzuri. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohuwar filasta. Ni kaina na taɓa jin kunya a kan wannan. Wani yaro ya yanke a yatsa a wurin wankin mota, na buɗe but da alfahari na ɗauko akwatina, sai na tarar filastar ta narke ta manne da takardarta, safar hannun kuwa ina zura yatsa ta yage kamar busasshen ganye. Da hankicina muka ɗaure yatsan.

Wannan ya kawo mu ga babban abokin gabar akwatinka, wato zafi. Mota da aka rufe aka bari a rana tanda ce. Hasken rana yana ratsa gilashi ya dumama dashbod da kujeru, su kuma su dumama iskar da ke ciki, iskar ba ta da hanyar fita. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, a 2005, ya nuna cewa cikin awa ɗaya zafin cikin mota yakan ɗara na waje da kusan digiri 22 a ma'aunin Salshiyas, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan ƙarin a rabin awar farko yake faruwa. Sun gwada sauke gilashi kaɗan, bai canza wani abin kirki ba. Wasu masu binciken kuma a jihar Arizona, a 2018, sun auna dashbod bayan awa ɗaya a rana suka samu ya kai kusan digiri 69. Yanzu ka yi lissafi da kanka. A watan Maris zafin Abuja yakan kai digiri 37, a Sakkwato ko Maiduguri kuwa Afrilu yakan wuce 40. Ka ɗora 22 a kai. Motarka kuma rufin ƙyalle gare ta, kuma ɗakinta ƙarami ne, ba ya ɗaukar lokaci kafin ya ɗau zafi.

Ka ɗauki kwalin kowane magani da ke gidanka ka duba gefensa, za ka ga an rubuta a ajiye shi a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 ba. Wa'adin da aka buga a jikin kwalin bisa wannan sharaɗi aka buga shi. Maganin da ya yi bazara guda a cikin mota, ko da kwanan watansa bai cika ba, ba ka da tabbacin ƙarfinsa. Asfirin idan ya lalace yakan yi warin tsami irin na binega. Man shafawa yakan tsinke, mai ya koma gefe ruwa ya koma gefe. Insulin na masu ciwon sukari zafi yana kashe ƙarfinsa, haka allurar adirenalin da masu tsananin borin jini suke yawo da ita. Abin shaƙar masu asma kuwa gwangwani ne mai matsattsiyar iska, kuma masu yin sa suna gargaɗin kada ya shiga zafin da ya wuce digiri 50. Duk wanda yake da lalurar da sai da magani, to maganin ya zauna a aljihunsa ko a jakar hannunsa, ya shiga mota tare da shi, ya fita tare da shi.

Abokinka na farko niyyarsa mai kyau ce, sai dai ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: akwatin taimakon gaggawa da durowar magani ta gida. Babu wanda zazzaɓin cizon sauro zai kayar a bakin titi har a ce sai an ba shi ƙwaya a cikin minti biyar; kemis yana nan, asibiti yana nan. Wanda kuma ya ji mummunan rauni a haɗari ba a ba shi ƙwaya, ba a ma ba shi ruwa, duk da na san tausayi yana sa mutanenmu su ruga da ledar fiya wata. Idan hankalinsa bai dawo sosai ba zai iya shaƙewa, idan kuma sai an yi masa tiyata, abin da ke cikinsa zai iya dawowa ya shiga huhu lokacin da aka sa shi barci. Asfirin ma ƙara tsinka jini yake yi, ga mutum yana zubar da jini. Ka tuna Jamusawa ma ba su sa ƙwaya ko ɗaya a akwatinsu ba. Sifirit kuwa a cikin zafi guduwa yake yi daga kwalba, yana kama wuta, kuma idan aka kwarara shi a buɗaɗɗen rauni yana ƙona naman da ake so ya warke. Ruwa mai tsabta ya fi shi wajen wanke ƙaramin ciwo.

Yanzu sai batun wuri, wanda shi ne ainihin abin da ya bambanta motarka da Corolla. Ita Corolla tana da but da ya kai kusan lita 470 a baya, nesa da inji, ga kujerar baya, ga aljihun bayan kujera. Taka kuwa injinta a tsakiya yake, daidai bayan kafaɗarka. Shi ya sa take da but biyu, na gaba mai kimanin lita 150, na baya mai kimanin lita 130. Na bayan yana maƙwabtaka da inji, salansa kuma tana ƙarƙashinsa. Ka yi tafiyar awa ɗaya ka buɗe shi ka sa hannu, za ka ji ɗumi. Idan aka haɗa ɗumin inji da na rana, wannan but ɗin ya dace da takalma da tsumman goge mota, ba da filasta da safar hannu ba.

But ɗin gaba ya fi sanyi, kuma tsohon mai motar bai yi kuskure ba da ya ajiye akwatin a can. Amma yana da aibu biyu da ya kamata ka sani. Na farko, idan mota ta yi karo, gabanta ne yake fara karɓar duka, kuma da gangan aka ƙera shi ya lanƙwashe don ya shanye ƙarfin karon kafin ya iso gare ka. Murfin da ya lanƙwashe ba ya buɗuwa. Na biyu ya fi ban mamaki. Murfin nan da lantarki yake buɗewa, batir ɗin motar kuma a ƙarƙashin wannan murfin yake. Idan batir ya mutu ko wayarsa ta tsinke, maɓallin ba zai yi aiki ba. Kamfanin ya yi wata dabara: a akwatin fiyus da ke kusa da ƙafar direba akwai wani jan ƙarfe da ake jawowa a jona masa wani batir, sannan murfin ya buɗe. Dabara ce mai kyau a garejin bakanike da safe. A bakin hanyar Kaduna da dare, jini yana zuba, ba dabara ba ce.

Sai mutum ya ce to a shigo da shi ciki mana. Nan ma akwai wuraren da ba a ajiye komai. Ƙarƙashin kujera da abokinka ya ce, a motarka ko tafin hannu da ƙyar zai shiga, saboda kujerun a ƙasa suke ƙwarai, kuma akwai wayoyi a wurin da suka shafi bel da jakar iska, wato balan-balan ɗin nan da ke fashewa ya tare mutum lokacin karo. Ba a so a riƙa dannar su. Abin da ya fi wannan haɗari, duk abin da ke ƙarƙashin kujerar direba ba a ɗaure ba, ranar da ka taka birki da ƙarfi zai sulale gaba, kuma gaban nan ƙarƙashin birki ne da totur. Irin motarka kuwa don taka birki da ƙarfi da shan kwana da gudu aka yi ta. Abin da zai shekara a wuri ɗaya a cikin Corolla, a cikin taka kafin sati ya zagaya motar.

Kan dashbod ma haramun ne, saboda rana da kuma jakar iska ta fasinja da ke fitowa daga nan. Kan kujerar fasinja ko a ƙasa sakaka shi ma bai yi ba. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, wadda take yawan gwajin karo, takan yi gargaɗin cewa a karon gaba da gaba a gudun kilomita 50 kacal a awa, abin da ba a ɗaure ba yakan doki abin da ke gabansa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 30 zuwa 50. Akwatin da bai wuce rabin kilo ba sai ya zama kamar an jefe ka da kilo 15 zuwa 25, kusan rabin buhun siminti ke nan. Idan kuma gudun ya ninka zuwa 100, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi. Ban kuma yarda cewa ka sayi Porsche don ka riƙa tafiya a kan 50 ba.

Shawarata ita ce ka raba kayan gida biyu. Ka tambayi kanka, wane ne zai fi buƙatar wannan akwati? Sau tara cikin goma, a ganina, ba kai ba ne. Ɗan acaɓa ne da ya faɗi a gabanka, ko yaron bakanike da salansa ta ƙona, ko fasinjan motar da ta ƙwace a kan hanyar filin jirgi kana wucewa. A irin wannan hali motarka lafiyarta ƙalau, murfin gaba zai buɗe, don haka babban kaso ya zauna a but ɗin gaba. Ka sa shi a sama, a gefe guda, ka ɗaure shi da maɗauri ko raga, kada jakar tafiya ta danne shi ranar da za ka je gida Sallah. Kayan cikin kuma ka zuba su a ledoji masu zif, domin damina tana da nata sharrin. Danshi yana sa bandeji ya yi fumfuna, almakashi ya yi tsatsa.

Ƙaramin kaso kuma na ranar da kai ne a ciki, ko wanda ke zaune kusa da kai. Wannan jaka ce mai taushi, ba akwati mai tauri ba, girmanta kada ya wuce tafin hannu biyu, kuma ja ce ko ruwan lemo don baƙon da ya zo taimako ya gane ta ba tare da an nuna masa ba. Aikinta ɗaya ne, tsayar da jini, domin idan babbar jijiya ta yanke mutum zai iya rasa ransa cikin minti biyar, kafin a ce an kira wani. Ka sa safar hannu ƙafa biyu, amma ka nemi ta naitiril, mai launin shuɗi ko shunayya, ta fi farar ta latas jure zafi. Ka sa bandeji mai matsewa guda biyu, da ƙyallen rufe rauni masu kauri, da almakashi, da ledar nan mai ƙyalli. Na san za ka ce me za a yi da bargo a ƙasar da ake gumi. Wanda ya zubar da jini da yawa jikinsa yakan yi sanyi ko da rana tsaka, jinin da ya yi sanyi kuma ba ya saurin daskarewa, sai zubar ta ƙaru. Rufe shi magani ne.

Abu na ƙarshe da zai shiga jakar, idan za ka koyi amfani da shi, shi ne maɗaurin tsayar da jini, wanda ma'aikatan asibiti suke kira tunike. Faffaɗan maɗauri ne mai ɗan sanda da ake murɗawa har ya matse jijiya. A da ana tsoronsa, ana cewa yana jawo yanke ƙafa, amma abin da likitocin soja suka gani a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan ya sauya wannan ra'ayi, har gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da wani shiri a 2015 mai suna Stop the Bleed don koya wa talakawa amfani da shi. A hannu ko ƙafa kawai ake ɗaura shi, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kuma ba a sassauta shi sai a asibiti. Yana da zafi ƙwarai, mai raunin zai yi ihu, wannan ba alamar kuskure ba ce. Amma ba shi ake fara ɗaukowa ba. Yawancin raunuka danna su da ƙyalle da ƙarfi, ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, ya isa. Ka kuma kiyayi na jabu da ake sayarwa da arha a intanet, sandansu yakan karye daidai lokacin da aka murɗa. Igiya ko wayar lantarki ba sa maye gurbinsa, yanka nama suke yi.

To ina za a sa wannan jaka? Ba zan zaɓa maka daga nan ba, gwaji zan ba ka. Ka shiga mota ka zauna, ka ɗaura bel, ka jingina bayanka da kujera kada ka sunkuya, domin bayan karo bel yakan ƙulle ya riƙe ka a haka. Ka rufe ido, ka sa hannu ɗaya a cinya kamar ya karye, ka miƙa ɗayan. Duk inda ya kai, nan ne wurin. Sannan ka sauya hannu ka sake. A motarka aljihun ƙofa mai murfi ko gefen tudun da ke tsakanin kujeru biyu, ta wajen ƙafar fasinja, su ne za su fi cin wannan gwaji, idan ka manne jakar da Velcro mai ƙarfi ko ka ɗaure ta. Durowar gaban fasinja tana da nisa, tana ɗaukar zafin dashbod, kuma gwiwar fasinja takan danne ta a karo. Bangon da ke bayan kujeru kuwa inji ne a bayansa. Ga sauran masu karatu: mai Mazda MX-5 ƙirar 2015 zuwa sama ba shi ma da durowar gaba, sai wani ɗan akwati tsakanin bayan kujeru wanda sai an murɗa jiki ake kaiwa gare shi, mai Porsche 911 kuma yana da ƙananan kujerun baya, zai iya ajiye jakar a can muddin ya zarga mata bel.

Da wannan gwajin za ka nema wa wuƙar yanke bel da 'yar hamar fasa gilashi wuri, galibi a haɗe ake sayar da su. Ka sani hamar gilashin gefe take fasawa, na gaba yana da leda a tsakiyarsa, tsagewa yake yi ba ya zubewa. Tukunyar kashe gobara kuwa, wadda dama 'yan rod sefti suke tambaya tare da alamar nan mai kusurwa uku, ta fi akwatin nauyi nesa ba kusa ba, don haka sai a kan maƙalin ƙarfe da aka ɗaure da noti a gaban ƙasan kujera.

Tunda ina magana da mai mota, bari in tsoma baki a wani abu da nake gani a gareji. Man birki ba maganin rauni ba ne, haka fetur, haka ƙasa. Raɗaɗin da ake ji ba alamar yana aiki ba ce, nama ne yake ƙonewa. Ƙuna kuma, ta salansa ce ko ta ruwan lagireto, ba a shafa mata ƙwai ko man goge haƙori ko gishiri. Ruwa mai sanyi ake kwarara mata na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Wanda kuma ya maƙale a mota yana kukan wuya ko baya, ba a fizgo shi sai idan wuta ta kama ko akwai wani haɗarin da ya fi. Irin waɗannan abubuwa ba a takarda ake koyonsu ba. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana ba da horon taimakon gaggawa, ka nemi reshensu na Abuja ka ba da yini ɗaya ko biyu.

Kalmar da ban yarda da ita ba a maganar abokinka ita ce “manta”. Ka haɗa duba akwatin da juyen mai: duk ranar da bakanike yake ƙarƙashin mota, kai ka zauna a benci ka zazzage jakunkunan biyu. Ka ja safar hannu ɗaya ka ga ko za ta yage, ka ɓare filasta ɗaya ka manna a bayan hannunka, ka duba ko wata leda ta huje. Filasta da safar hannu ka sauya su duk shekara bayan bazara, ko da wa'adinsu bai cika ba, tunda ba a lissafa da ranarmu ba lokacin da aka buga shi. Abin da ka ɗauka ka yi amfani da shi kuma ka mayar da madadinsa a ranar. Ajiye motar a inuwa da sa abin tare rana a gilashin gaba suna ƙara wa kayan kwana.

Shi kuwa tsohon akwatin roban, ka wanke shi ka shanya, ka cika shi da sababbin kaya daga babban kantin magani, ya koma but ɗin gaba inda ka same shi. Ɗan littafin Jamusancin da ke ciki ka cire, ka sa kati a madadinsa, wani kuma a ƙaramar jakar, ka rubuta da hannunka da manyan baƙaƙe: 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da 112, lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, da sunanka, da duk wani magani da jikinka ba ya so, da lambar wanda za a kira a gida. Duk wanda ka ɗauka a kujerar gefe kuma, kafin ka tayar da inji, ka nuna masa inda jar jakar take.